Maki na Takwas

Ranar Litinin da safe aka kori Miss Odessa Tibbs daga aiki, kuma a ranar ce aka kafa hotonta a bakin ƙofar kamfanin. Denitra Vaughn ta riga ta ga hoton kafin ta ji labarin korar. Ga shi nan ƙato, ya fi tsayin mutum. Miss Odessa na sanye da shuɗiyar rigar aiki tana murmushin yaƙe, Mista Brent Halloway ya dafa kafaɗarta, a ƙasa kuma an rubuta da manyan haruffa wai a wannan gida kowa yana da murya. Denitra ta tsaya ta ɗauki hoton da wayarta, har da jin daɗi. Daga baya duk sanda ta tuna wannan tsayuwar sai ta ji kamar ta tofar da yawu.

Kamfanin Pruitt-Kessel kayan asibiti yake rarrabawa daga wani makeken sito a kudancin birnin Memphis na Amurka, kuma mutanensa kashi biyu ne, na sama da na ƙasa. Na sama suna ofis cikin sanyi, albashin wata suke karɓa, ba mai tambayarsu ƙarfe nawa suka tashi shan kofi. Na ƙasa suna tsaye a bakin bel mai jan kaya suna cusa safar hannu da sirinji a kwalaye, ana biyansu da awa, kuma ba a shiga ba a fita sai an buga kati a na'ura. Wanda ya makara fiye da minti bakwai, na'ura ta zana masa maki ɗaya. Maki takwas a cikin shekara, ita da kanta za ta aika masa takardar sallama.

Denitra ta san duk wannan, don a ƙasa ta fara. Shekara huɗu ta yi a layi na uku kafin ta gama karatun da take yi a gefe ta hau sama sashen tsara jigilar kaya, kuma Miss Odessa ce ta koya mata yadda ake naɗe kwali ba tare da ya yanki hannu ba. Yanzu shekararta uku tana shugabancin ƙungiyar ma'aikata baƙar fata ta kamfanin. Aikin sa kai ne, ba a ƙara mata ko sisi a kansa, amma ta riƙe shi da zuciya ɗaya, kuma ba za a ce ƙungiyar ba ta tsinana komai ba. Su suka sa aka soke dokar da ta hana masu kitso zama a teburin karɓar baƙi. Su suka matsa har kamfanin ya fara ɗaukar ma'aikata daga kwalejojin cikin gari. Sai dai duk sanda aka zo faɗin waɗannan nasarori a taron shekara, Mista Brent ne ke hawa mumbari, don shi ne uban ƙungiya, mataimakin shugaban kamfani ne kuma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana yi wa Denitra ciwo. Mutum bakwai cikin goma na ƙasa baƙar fata ne, amma a shekara uku ba wanda ya taɓa hawowa taron ƙungiya daga cikinsu. Saboda haka da watan Fabrairu ya kama, watan da ake tunawa da tarihin baƙar fata, sai ta sauka ta sami Miss Odessa a layi.

"Miss Odessa, so nake ki zo ki yi mana magana ranar Alhamis. Minti biyar kawai."

"Ni? Me na sani da zan faɗa wa masu takalman ƙwas-ƙwas?"

"Shekara goma sha huɗu a nan ai karatu ne. Ki zo su ji daga bakinki."

Miss Odessa ta ci gaba da naɗe kwali. Shekararta hamsin da tara, mijinta Mista Cleon yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma inshorar lafiyar aikinta ce ke ɗauke da shi. "'Yar nan, ba ni da sarari fa," in ji ta.

"Lokacin cin abinci ne. Har da tarwaɗa soyayya."

"To, don ke ce."

Denitra ta ɗauka sararin da ake nufi na gajiya ne. Ba ta tambaya ba.

An sa taron daga sha biyu zuwa ɗaya, kamar kullum, don a wurin na sama cin abincin rana awa guda ne. Na ƙasa rabin awa ne nasu. Mutum tara ne a kwamitin da ya tsara taron, sun yi zama huɗu, sun yi gardama a kan launin balan-balan da ko za a sa burodin masara mai sukari ko marar sukari, amma ba wanda ya kawo zancen rabin awar nan, har da ita da ta yi shekara huɗu tana haɗiye abinci a tsaye.

Miss Odessa ta iso sha biyu da minti uku. Mista Brent bai iso ba sai da kwata, kuma ba a fara taro uban ƙungiya ba ya nan. Da ya karɓi abin magana sai ya shiga labarin wata baƙar mace da ta yi renonsa yana yaro, yadda take dafa ganye, yadda ya yi kuka ranar da ta rasu. Wannan ne karo na uku da Denitra ta ji labarin, kuma har yau bai taɓa faɗin sunan mahaifin matar ba.

Sha biyu da minti ashirin da shida Miss Odessa ta ɗauki jakarta. "'Yar nan, lokacina ya yi."

Denitra ta dafe mata hannu a kan tebur. "Haba, Miss Odessa. Mataimakin shugaban kamfani ne fa a tsaye. Wa zai taɓa ki?"

Miss Odessa ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta ajiye jakar.

Da aka ba ta dama ta yi magana ta minti huɗu, ba ado. Ta ce a watan Yuli zafin sito yana sa mata su faɗi, ta ce fankoki biyu na layi na uku sun mutu tun bara, ta ce da za a ba masu shekaru kujera a bakin bel da an taimaka. Aka tashi tsaye ana tafi, wasu har da share hawaye. Mista Brent ya rungume ta, ya ɗaga hannu ya ce kada kowa ya fita sai an ɗauki hoto. Mai hoton ya ɗauka ya sake, ya sake, wai hasken taga ya yi yawa. Ƙarfe ɗaya da minti huɗu Miss Odessa ta buga katinta a ƙasa.

Wannan shi ne abin da ya faru ranar Alhamis. Ranar Litinin, Denitra na zama a kujerarta bayan ta gama sha'awar hoton nan, sai Lamont Greer, shugaban layi na uku, ya kira ta.

"Manyan sama! An gama biki lafiya?"

"Lamont, ina da aiki. Mene ne?"

"Ba komai. Na ce bari in sanar da ke baƙuwarki ta tafi gida. Maki bakwai gare ta, kun cika mata na takwas."

Denitra ta miƙe tsaye. "Ai taron kamfani ta zo!"

"Kun cike takardar izini?"

"Wace takarda?"

Lamont ya yi wata dariya marar daɗi. "Ka ji su. Takardar da zan sa wa hannu kwana biyu kafin taro, in shigar a na'ura. Tana nan a littafin dokoki tun kafin ki hau sama. Ba ku taɓa buƙatarta ba ne, don ku ba kwa buga kati."

"To kai me ya hana ka goge makin?"

"Ni? Ni da ko canza batirin na'urar ba a yarda in yi ba? Da ina iyawa ai da ba ki ji muryata ba. Ita ce mai riƙe min layin nan, Denitra. Kuma ƙarshen wata inshorarta za ta tsaya, kin dai san halin da Mista Cleon ke ciki."

Ta kira Miss Odessa sau uku, ba ta ɗauka ba. Sai ta haura ofishin Mista Brent, tana cewa a ranta ai wannan magana ce ta minti ɗaya. Ya tarbe ta da fara'a, ya ce ta ga hoton? Da ta gaya masa abin da ya faru sai ya dafe ƙirji.

"Wayyo, Denitra. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Odetta mace ce ta musamman."

"Odessa."

"Odessa, haka ne. Ya taɓa ni."

"Mista Brent, layi ɗaya kawai nake so ka rubuta. Ka ce kai ka ce kada kowa ya fita. Lamont ya ce idan wani daga sama ne ya tsayar da ma'aikaci, ana goge makin."

"Na sha gaya miki ki riƙa ce min Brent kawai, ai mu 'yan gida ɗaya ne." Ya gyara zama. "Kin ga, ni a taron nan ba a matsayin shugaba na je ba, a matsayin aboki na je. Idan na rubuta cewa umarni na bayar, lauyoyi za su ce taron ya zama aiki, to sai a fara tambayar sauran ƙungiyoyin, ta mata, ta tsofaffin sojoji, duka. Ana iya rufe su gaba ɗaya. Ba na jin kina son haka."

"Aikinta nake so a mayar mata."

"Ni ma haka. Bari in ga abin da zan iya yi a bayan fage. Amma gaskiya wannan darasi ne a gare mu duka. Me zai hana a taron wata mai zuwa mu tattauna a kai?"

Denitra ta dubi bakinsa yana motsi, da ɗan guntun abincin safe a gefen leɓensa. Shekara uku tana rubuta wa mutumin nan jawabi, tana gyara masa inda zai ɗan dakata don a tafa. Ta miƙe ba ta yi masa sallama ba.

Washegari ta kira kwamiti, ta ce su rubuta takarda su sa hannu su tara. Mutum biyar suka zo. Ɗaya ta ce ana duba ƙarin girmanta a watan Afrilu, ba ta son ta zama mai baki a idon manya. Wani ya ce shi fa a ganinsa ƙungiya ba ta shiga batun kora, wannan aikin ƙungiyar ƙwadago ne, kuma ko kalmar nan ba a son ji a ginin. Wata ta kawo shawara a haɗa wa Miss Odessa kwandon 'ya'yan itace da kati. Aka yi minti goma ana maganar kwandon, har da wanda ya tuna cewa mai ciwon ƙoda ba ya cin ayaba. Denitra ta tattara takardarta da hannu biyu kacal a kai, nata da na wani saurayi mai gyaran kwamfuta da bai ma san Miss Odessa ba.

Ta tuna cewa ana ɗaukar bidiyon kowane taro saboda ma'aikatan da ke wasu garuruwa. Ta nema, sai aka turo mata wanda aka riga aka gyara don shafin kamfanin, minti biyu, da kiɗa a ƙarƙashi. Akwai rungumar, akwai tafin, akwai Miss Odessa tana cewa shekararta goma sha huɗu a nan. Babu zafin Yuli, babu fankoki, babu Mista Brent yana hana fita. Cikakken kuwa aka ce ba a ajiye shi.

Ranar Laraba ta je ofishin kula da ma'aikata wurin Paige Whitlow, mace mai sanyin murya da ba a taɓa jin ta ce a'a ba, ba a kuma taɓa ganin ta yi abin da aka roƙa ba. Paige ta saurare ta har ƙarshe, ta buɗe littafin dokoki a kwamfuta ta juyo mata shi.

"Ina jin zafin da kike ji, Denitra. Amma ki duba, doka ta ce sai wani mai wakiltar kamfani ya shaida a rubuce cewa shi ya tsayar da ita. Brent ya ce bai tuna ya faɗi haka ba."

"Mutum sittin suka ji shi!"

"Ba na musu. Ni dai abin da aka rubuta nake aiki da shi." Ta mayar da kwamfutar gabanta. "Shugabar ƙungiya ma tana cikin masu wakiltar kamfani a lokacin taro. Ban ce ki yi komai ba, gaya miki kawai nake yi."

"In na rubuta fa?"

"Sai a goge makin, ta dawo Litinin, shekarunta da inshorarta ba abin da zai taɓa su. Ke kuma kin tsayar da ma'aikaciyar awa ba da izini ba, dole in sa miki takardar gargaɗi a fayil. Shekara ɗaya ba ƙarin girma. Kuma mai takardar gargaɗi ba ya riƙe shugabancin ƙungiya."

Ashe tun farko ƙofar na nan, jira kawai ake a ga wanda za a tura ta ciki. Denitra ta so ta kifar da teburin. Ta so ta ce wannan zalunci ne, kuma zaluncin ne. Sai dai da ta buɗe baki, tafin hannunta ta tuna a kan hannun Miss Odessa, da yadda matar ta dube ta kafin ta ajiye jaka. Mista Brent bai taɓa buga kati ba a rayuwarsa. Ita ta buga na shekara huɗu, ta san abin da minti bakwai ke nufi, ta kuma ji an ce mata ba sarari. Ta danne hannun ne don kada kujerar baƙuwarta ta zama fanko a gaban manya. Ƙyamar da ta kwana biyu tana yi wa mutanen ginin nan sai ga ta ta juyo kanta.

"Ba ni takarda," in ji ta.

Layi uku ta rubuta. Ta ce Miss Odessa Tibbs ta miƙe za ta koma aiki a kan lokaci, ita Denitra Vaughn ta riƙe ta, ta ce mata ba abin da zai faru. Paige ta karanta, ta ce wannan jarumta ce, ta tambaya ko za ta yarda a ba da labarin a mujallar kamfani ba tare da suna ba. Denitra ta dube ta har sai da Paige ta sunkuyar da kai.

Kafin Juma'a an naɗa sabuwar shugaba, ita ce mai jiran ƙarin girman Afrilu. Mista Brent ya aika wa kowa saƙo yana cewa yana alfahari da yadda iyalin Pruitt-Kessel suka haɗa kai suka warware wata 'yar matsala. Fankokin layi na uku kuwa ba wanda ya sake ambatonsu.

Ranar Litinin Denitra ta zo da wuri ta sauka ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofar ma'aikatan sito. Ta kwana biyu tana shirya abin da za ta faɗa. Mutane na ta wucewa da kwanukan abincinsu, wasu na gaishe ta, wasu na kallon takalminta. Bakwai saura minti biyar sai ga Miss Odessa da jakarta, ta ɗan rame.

"Miss Odessa."

"A'a, 'yar nan. Kin ɓata hanya ne?"

"Na zo in ba ki haƙuri. Laifina ne, ni na riƙe ki. Na rubuta musu haka."

"Lamont ya gaya min."

"Sun cire ni daga shugabancin. Ba don ki ji tausayina na faɗa ba, so nake ki san cewa..."

"Denitra." Ba ta ɗaga murya ba. "Kin rubuta abin da ya faru. To madalla. Guɗa kike so in yi miki?"

"A'a, ni dai..."

"Kwana huɗu Cleon bai sani ba. Kullum sai in sa rigar aiki in fita in zauna a ɗakin karatu na unguwa har yamma, don kada jininsa ya hau. Ke an hana ki ƙarin girma, Allah ya ba ki wani. Ni gawa na yi ta lissafin yadda zan ɗauka."

Idon Denitra ya cika. "Ya jikin nasa?"

"Yana nan. Kin san na takwas ɗin kawai suka goge? Bakwai ɗina na nan daram, na farkon ba zai faɗi ba sai watan Yuni. Daga yau zuwa lokacin ko tari ba ni da ikon yi."

"Zan yi magana a kan wannan ma. Ko ba na shugabanci zan nemi a zauna, a duba tsarin makin nan gaba ɗaya, a zo nan ƙasa a ji daga bakinku, don abin da na gane yanzu shi ne..."

Miss Odessa ba ita take kallo ba. Ta kan kafaɗar Denitra take leƙen bango, katin na hannunta. Sai a lokacin Denitra ta lura da inda ta tsaya, ta ga layin mutane ya taru a bayan matar, kowa ya yi shiru yana jira.

"'Yar nan," in ji Miss Odessa, "saura minti ɗaya. Matsa, kin tare min na'ura."